Zuciyar Mai Jego: Shekara Hamsin Ana Neman Mai Laifi

A shekarar 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Tagwai, wadda ke shayar da Minna, shekara biyu bayan garin ya zama babban birnin sabuwar Jihar Neja. Cikin ayyukan da ruwan ke yi tun daga lokacin akwai wanda ake farawa tun kafin assalatu. A Limawa, a Unguwar Daji, a Chanchaga, ana ɗora babbar tukunya a murhu, a hura mata itace har ta tafasa, a tsoma ganyen darbejiya ko na runhu, a riƙa fyaɗa wa mai jego. Da yamma a sake. Haka za a yi ta yi har arba'in, wasu gidajen ma su zarce, a haɗa da kunun kanwa mai zafi. Hausawan da suka biyo layin dogo suka zauna a Minna sun taho da wannan al'ada, kuma dalilinta ɗaya ne a ko'ina: mace ta haihu, jikinta ɗanye ne, kada sanyi ya shige ta.

A wannan shekara ta 1978 ɗin ce wata mujallar likitanci ta Ingila ta buga dogon rahoton likitoci biyu da suka yi aiki a Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry. Rahoton ya yi bayanin mata 224 da zuciyarsu ta gaza gab da haihuwa ko bayanta, kusan dukkansu Hausawa ko Fulani. Daga nan sunan Zariya ya shiga littattafan ciwon zuciya na duniya, kuma wankan jego da kunun kanwa suka shiga tare da shi a matsayin waɗanda ake tuhuma.

Parry mutumin Wales ne. Ya iso Jami'ar Ahmadu Bello a 1969 a matsayin farfesan likitanci, bayan ya yi aiki a Ibadan da Addis Ababa. Abin da ya tarar a ɗakin mata na asibitin Zariya bai yi kama da abin da ya karanta ba. Mace ce ƙarama, ta haihu lafiya, an yi suna, ana cikin wanka, sai ƙafafunta su kumbura, ciki ya cika da ruwa, haki ya hana ta kwanciya sai a jingine, tari ya hana ta barci. A gida za a ce sanyi ne ya kama ta, ko ba ta wanku ba, sai a ƙara wuta. Idan aka kawo ta asibiti aka ɗauki hoton ƙirji, sai a ga inuwar zuciya ta faɗaɗa ta mamaye fiye da rabin ƙirjin.

Ciwon ba sabo ba ne ga likitancin Turai. Tun ƙarni na 19 likitoci irin su Rudolf Virchow na Jamus sun lura da matan da ke mutuwa bayan haihuwa da zuciya a lalace. A 1937 aka yi bayaninsa dalla-dalla a New Orleans ta Amurka, sannan a 1971 John Demakis da abokan aikinsa a Chicago suka shata masa sharuɗɗan da ake gane shi da su. Bambancin Zariya shi ne yawa. A Amurka ana lissafin mace ɗaya cikin haihuwa dubu ɗaya zuwa dubu huɗu, a Japan ɗaya cikin wajen dubu ashirin, amma a Zariya lissafin ya kai ɗaya cikin ɗari.

Davidson da Parry ba su tsaya a bakin gadon asibiti ba. Sun shiga gidaje, sun ga gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa mai jego ta kwanta a kai, sun auna zafin ɗakin, sun duba abin da ke cikin kanwa. Sun lura cewa masu ciwon sun fi yawa a watan Yuli, lokacin damina da gumi. Bayanin da suka haɗa yana da ma'ana sosai. Kanwa cike take da sinadarin gishiri, gishiri kuwa yana riƙe ruwa a jiki. Zafi yana buɗe jijiyoyin fata, sai zuciya ta ƙara aiki don ta cika su. Mace ta fito daga wata tara da jininta ya ƙaru da kusan rabi, ga ƙarancin jini, ga hawan jini ga wasu, sannan a ɗora mata gishiri da wuta. Zuciya ta kasa ɗaukar kayan. Abin da ya ƙarfafa musu gwiwa shi ne yadda da yawa daga matan suke warwarewa cikin kwanaki kaɗan da an ba su maganin fitsari da digokzin.

Duk wannan an yi shi ne ba tare da an ga zuciyar tana aiki ba. Hoton ƙirji inuwa kawai yake nunawa. Na'urar da za ta buɗe wannan ƙofa an samo ta ne a Lund ta ƙasar Suwidin a 1953, lokacin da likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz suka aro wata na'ura daga masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Malmo, wadda ake neman tsaga a cikin ƙarfe da ita ta hanyar aika sauti da sauraron dawowarsa. Suka ɗora ta a ƙirjin mutum, suka ga bangon zuciya yana motsi. Wannan ne asalin hoton da likitoci a asibitocinmu ke kira eko, ɗan'uwan sikanin da ake yi wa masu ciki.

Eko ya iso Zariya a shekarun 1970, kuma abin da ya nuna ya ba da mamaki. A 1979 John Sanderson, tare da likitocin Najeriya Adesanya da Anjorin da kuma Parry, suka buga sakamakon duba gomman masu jego da ke kwance da kumburi da haki. A wajen da yawa daga cikinsu zuciyar ta faɗaɗa, amma tana matsawa da ƙarfinta, jinin da take turawa ma ya fi na kullum. Ma'ana, naman zuciyar bai mutu ba, ruwa ne ya yi mata yawa. Amma akwai wasu masu jego da zuciyarsu ta saki ƙwarai, bangonta da ƙyar yake motsi. Ashe a ƙarƙashin suna guda cututtuka biyu ne ko fiye suke kwance a ɗaki ɗaya, fuskarsu ɗaya, kumburinsu ɗaya, amma makomarsu daban. Wannan shi ne babban abin da hoto ya fara yi wa wannan tarihi, kuma har yau ba a ba shi muhimmancin da ya kamata idan ana maganar "ciwon Zariya".

Ma'aunin da eko ya kawo mai sauƙin fahimta ne. Babban ɗakin zuciya na hagu yana cika da jini, ya matse, ya tura wani kaso zuwa jiki. A lafiyayyen mutum kason yana tsakanin 55 zuwa 70 cikin ɗari a kowane bugu. Daga ƙarshen shekarun 1990 masana suka amince cewa ba za a kira ciwon mai jego da sunan lalacewar naman zuciya ba sai eko ya nuna kason ya faɗo ƙasa da 45. Da wannan ma'auni aka koma Arewa aka sake ƙirge.

Lissafin bai sauka ba. A Sakkwato, Simeon Isezuo da abokin aikinsa sun buga a 2007 cewa sun samu mace ɗaya cikin haihuwa 102, kuma wannan karon da shaidar eko. Gadon wuta ya ragu a birane, amma ciwon yana nan.

A can Yamai ta Jamhuriyar Nijar wani likitan Faransa, Arnaud Cénac, ya bi wata hanya dabam. Ya san labarin gundumar Keshan ta ƙasar Sin, inda tun 1935 aka ga wani ciwon zuciya yana kashe yara da mata masu haihuwa, daga baya aka gano ƙasar yankin tana da ƙarancin sinadarin siliniyom, don haka hatsin da ake nomawa ma haka yake. A 1992 Cénac ya nuna cewa masu jegon Sahel da ke da ciwon suna da ƙarancin siliniyom a jini idan aka gwada su da takwarorinsu masu lafiya. Fiye da shekara ashirin bayan haka Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya maimaita gwajin a Kano. A rahotonsa na 2015, kusan kashi 77 cikin ɗari na masu ciwon siliniyom ɗinsu ya yi ƙasa matuƙa, alhali a cikin masu lafiya kashi 22 ne kawai. Tuhuma ta fara matsawa daga tukunyar wanka zuwa akushin tuwo, wato zuwa talauci da rashin abinci mai gina jiki.

Karaye ne ya jagoranci aikin da ya fi kowane girma a wannan fanni a ƙasar nan, rajistar da ake kira PEACE, wadda ta fara a 2017 ta haɗa asibitoci 22 a sassan Najeriya. Jihar Neja tana ciki ta hannun Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida. An tattara mata 406, kowace da hoton eko. Sama da kashi 72 cikin ɗari daga Arewa maso Yamma suka fito, inda lissafin ya kai ɗaya cikin haihuwa 96. Da aka gwada su da masu jego lafiyayyu, abubuwan da suka tsaya a matsayin haɗari su ne rashin karatun boko, rashin sana'a, rama, da hawan jinin ciki, wanda in ya yi tsanani yake kaiwa ga jijjiga. Wankan jego da kunun kanwa ba su tsaya ba. Masu lafiya suna yi, marasa lafiya suna yi, kusan daidai wa daida.

Wannan ba wanke al'adar ba ne ɗungurungum. Macen da ke da hawan jini ko zuciya mai rauni, kanwa tana ƙara mata ruwa a jiki, kuma tafasasshen ruwa ya ƙona mata da yawa. Amma akwai bambanci tsakanin abin da ke ƙara wa ciwo nauyi da abin da ke haddasa shi, kuma shekara arba'in ana ɗora wa kakanni da ungozomomi laifin da bincike bai tabbatar musu ba. Illar hakan a fili take: mace a Maitumbi ko Tunga da ba ta taɓa shan kanwa ba, tana wanka da ruwan ɗumi kawai, za ta iya ɗauka ta tsira, mijinta ma ya ɗauka haka, har haki ya yi nisa.

Rahoto na biyu na PEACE, wanda ya fito a 2020, shi ne mai ɗaga hankali. An bi mata 244 na kimanin wata 17. Kusan kashi 19 cikin ɗari sun rasu. Waɗanda zuciyarsu ta koma daidai ba su kai kashi 23 ba. A wani bincike da aka yi a Amurka 'yan shekaru kafin nan, fiye da kashi 70 cikin ɗari sun warware cikin shekara guda. Matan PEACE kuwa akasarinsu 'yan shekara ashirin da wani abu ne, da jarirai a goye.

Tambayar da duk waɗannan bayanai suka bari a buɗe ita ce wadda kowace tsohuwa za ta iya yi. Kishiyoyi biyu a gida ɗaya, tukunya ɗaya, hatsi ɗaya, wanka ɗaya, talauci ɗaya. Ɗaya ta kumbura, ɗaya ta yi arba'in lafiya ta tafi yawon gaisuwa. Me ya raba su?

Wani ɓangare na amsar ya fito daga Hannover ta Jamus a 2007, inda Denise Hilfiker-Kleiner ta nuna a jikin ɓeraye cewa sinadarin furolaktin, mai sa ruwan nono ya zo, yana iya tsinkewa ya bar wani guntu da ke lalata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Karen Sliwa ta gwada maganin da ke tsayar da furolaktin a kan mata 20 a Soweto ta Afirka ta Kudu, ta buga sakamako mai ƙarfafa gwiwa a 2010. Sai dai maganin yana ƙafar da nono, kuma a gidan da madarar gwangwani ta fi ƙarfin aljihu, ruwan sha kuma ba tabbas, wannan shawara ce mai nauyi da likita ba zai yanke ta da garaje ba.

Ɗaya ɓangaren amsar yana cikin gado. A cikin kowace ƙwayar naman zuciya akwai wani furotin da masanin Japan Koscak Maruyama da kuma Kuan Wang a Amurka suka gano a shekarun 1970, ana kiransa taitin. Shi ne furotin mafi girma a jikin ɗan'adam, tubalansa sun haura dubu talatin. Aikinsa irin na danƙon harbin tsuntsu ne: idan zuciya ta cika ya miƙe, idan ta matse ya dawo da ita mazauninta. Umarnin ƙera shi yana rubuce a cikin DNA, a wata ƙwayar gado da ake kira TTN, kuma saboda tsawonta an daɗe ba a iya karanta ta a jikin mutane da yawa ba sai da na'urorin karatun DNA suka yi araha. A 2012 ɗakin binciken Christine da Jonathan Seidman a Harvard ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iyalan da ciwon faɗaɗar zuciya ke bi a jininsu suna da kuskure a TTN, irin wanda ke sa a yanke furotin ɗin kafin ya kai ƙarshe.

Likitoci a Holan da Amurka sun riga sun lura tun 2010 cewa wasu masu jego da ke da ciwon suna da uba ko ɗan'uwa da ya mutu da faɗaɗar zuciya. A 2016 James Ware na Landan da Zoltan Arany na Pennsylvania da abokan aikinsu suka karanta ƙwayoyin gado na mata 172 masu ciwon. Kashi 15 cikin ɗari suna ɗauke da irin wannan yankakken umarni, kashi biyu cikin uku na waɗannan kuwa a TTN ne. Adadin ya yi kusan daidai da na masu faɗaɗar zuciya maza da mata waɗanda ba ruwansu da ciki, ya kuma ninka na sauran jama'a sau uku. A 2021 aka faɗaɗa binciken zuwa mata 469, aka samu kusan ɗaya cikin goma da kuskuren TTN. Fahimtar da ta fito ita ce, a wajen wasu matan raunin yana nan tun ranar da aka haife su, a ɓoye, ciki ne ya tone shi. An ga irin haka a wajen mashaya giya da masu shan maganin daji: kuskuren yana zaune shiru har wani nauyi ya faɗo wa zuciyar.

Mai karatu a ƙasar Hausa ya san gado ta hanyar sikila, don haka a nan akwai buƙatar rarrabewa. Sikila sai yaro ya karɓa daga uwa da uba duka biyu, shi ya sa ake gwajin jini kafin aure. Kuskuren TTN daga gefe ɗaya ya isa. Uwa ko uba mai ɗauke da shi, kowane ɗa ko 'ya yana da rabin yiwuwar gadonsa, ko auren zumunci ne ko na bare. Kuma akasarin masu ɗauke da shi za su tsufa ba tare da sun taɓa jin komai ba. Saboda haka ba abin a fasa aure ba ne, ba kuma abin a yi wa wani gida tambari ba. Amfaninsa shi ne, idan mace ta kamu, a tambayi tarihin gidansu da gaske, wa ya mutu da kumburi, wa ya faɗi ba zato, a kuma yi wa 'yan'uwanta eko, musamman ƙannenta mata da ke shirin ɗaukar ciki.

Yadda aka san cewa kuskuren yana barin alama ko a jikin lafiyayye, nan ne hoto da gado suka haɗu sosai. Na'urar maganaɗisu ta MRI, wadda Paul Lauterbur da Peter Mansfield suka samu kyautar Nobel a kanta a 2003, tana yanka zuciya fala-fala a hoto tana cikin bugawa, ta ba da girman kowane ɗaki da kaurin kowane bango da daidaiton da eko ba ya kaiwa. A 2017 masu bincike a Landan da Singafo suka duba sama da mutum 1,400 masu cikakkiyar lafiya da wannan na'ura, suka ga waɗanda ke ɗauke da yankakken TTN zuciyarsu ta ɗan fi ta sauran faɗi, ɗan bambancin da ido ba zai kama ba sai kwamfuta.

Daga nan aikin ya zama na dubbai. Birtaniya tana da wata taska mai suna UK Biobank, wadda tsakanin 2006 da 2010 ta ɗauki jini da bayanan mutum rabin miliyan 'yan shekara 40 zuwa 69. A 2014 ta fara kiransu ana saka su a na'urar MRI, a 2025 ta cika mutum dubu ɗari. Babu likitan da zai zauna ya zana iyakar zuciya a hotuna miliyoyi, don haka aka koya wa kwamfuta ta yi. Sai a ɗauki awon kowane mutum a jera shi da miliyoyin wuraren da DNA ɗinsa ya bambanta da na wasu, a nemi inda suka tafi tare. A 2019 Nay Aung da abokansa a Landan, da hotunan mutum kusan dubu 17, suka samu wurare 14 da ke da hannu a girma da ƙarfin ɗakin hagu. Shekara guda bayan haka James Pirruccello a Boston, da mutum dubu 36, ya ƙara sababbi 45. TTN ya sake bayyana, tare da wata ƙwayar gado mai suna BAG3. A 2020 ɗin dai Hannah Meyer da Declan O'Regan suka duba saƙar nama da ke lulluɓe da cikin zuciya, wadda Leonardo da Vinci ya zana shekara ɗari biyar da suka wuce ba tare da an san amfaninta ba, suka nuna tana taimaka wa tura jini, kuma siffarta tana da alaƙa da haɗarin gazawar zuciya.

Darasin da ya fito daga waɗannan ayyuka shi ne, ba kuskure ɗaya babba kaɗai ke raunana zuciya ba. Akwai ɗaruruwan ƙananan bambance-bambance, kowane da ɗan tasirinsa, waɗanda in suka taru a jikin mutum ɗaya sukan sa zuciyarsa ta fi ta wani saurin saki. Wannan yana iya zama bayanin da ya sa 'yan'uwa biyu masu kuskuren TTN iri ɗaya, ɗaya ta kwanta ɗaya ta haifi goma lafiya.

Sai dai wannan taswira an zana ta ne da zukatan wasu mutane. Kusan kashi 94 cikin ɗari na mutanen UK Biobank fararen fata ne, kuma sun wuce shekarun haihuwa. Matan 172 na binciken 2016 an tattaro su ne daga Amurka da Jamus da Japan. A duk manyan binciken gado na duniya, 'yan asalin Afirka ba su wuce kashi biyu zuwa uku cikin ɗari ba, alhali Afirka ce nahiyar da DNA ɗin mutanenta ya fi na kowa bambance-bambance. Shirin H3Africa ya karanta DNA na mutum 426 kacal daga ƙasashen Afirka 13, ciki har da Najeriya, ya samu fiye da bambance-bambance miliyan uku da ba a taɓa rubutawa ba, kamar yadda ya buga a 2020.

Wannan giɓi ya riga ya cuci mutane. A 2016 Arjun Manrai na Harvard ya nuna cewa an gaya wa wasu baƙaƙen fata a Amurka suna ɗauke da gadon ciwon kaurin zuciya, bisa wasu bambance-bambance da aka ɗauka cuta ne don kawai ba a gan su a jikin Turawa ba. Daga baya aka gano abubuwa ne gama-gari a jinin 'yan Afirka, marasa illa. Duk wanda zai ɗauki jinin mai jego daga Minna ko Kano ya auna shi da ma'aunin Birtaniya yana iya faɗawa wannan rami, ko kuma ya tsallake kuskure na gaske don babu shi a littafin.

Kayan aikin kuma suna da ƙaranci. Wani ƙirge da Godwin Ogbole na Ibadan da abokansa suka buga a 2018 ya samu na'urorin MRI 84 a duk Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya, akasarinsu masu ƙaramin ƙarfi ne da ba su dace da hoton zuciya ba. Saboda haka wanda ke jiran a yi irin aikin Birtaniya a nan zai daɗe. Amma abin da ake da shi ba kaɗan ba ne. Akwai marasa lafiyar da suka fi na ko'ina yawa, akwai likitocin zuciya a Kano da Zariya da Sakkwato da Bida da suka nuna za su iya tattara ɗaruruwan mata su bi su shekara da shekaru, akwai eko, kuma jini ana iya ɗiba a adana. Sharaɗin shi ne a yi da yardar matan da fahimtarsu, a yi musu bayani da Hausa ko Nufanci ko Gbagyi, kuma sakamakon ya dawo gida maimakon ya tsaya a mujallun waje.

Kafin nan, matsalar da ke gaban mace a ƙauyukan da ke kewaye da Tagwai ta fi wannan kusa: a gane ciwon tun da wuri. Kumburin ƙafa da haki abubuwa ne da ake ɗauka na kowace mai ciki, har ma'aikatan ƙaramin asibiti sukan ce zai wuce. A kan wannan ne Demilade Adedinsewo, likitar zuciya 'yar Najeriya da ke aiki a Mayo Clinic ta Amurka, ta jagoranci wani gwaji a asibitoci shida na Najeriya, ciki har da na Malam Aminu Kano da na Rasheed Shekoni a Dutse. An raba mata kusan 1,200, masu ciki da masu jego, gida biyu. Rabi aka duba su yadda aka saba, rabi aka ɗora musu abin sauraren ƙirji na zamani, mai ɗaukar sauti da wutar zuciya ya miƙa wa kwamfutar da aka horar da dubban hotunan eko, duk wadda ya nuna kuma a tabbatar da eko. A sakamakon da ya fito a 2024, dubawar da aka saba ta gano raunin zuciya a kashi 2 cikin ɗari na matan, sabuwar hanyar kuwa ta gano shi a kashi 4.

Eldryd Parry bai ga wannan sakamako ba, ya rasu a Nuwamba 2022. Amma ya rayu ya ga ƙarshen labarin matansa na farko. A 1998 shi da abokan aikinsa, ciki har da Anjorin, sun buga rahoton bin sawun matan da aka kwantar a Zariya tsakanin 1969 da 1972, bayan sun bi su ƙauye-ƙauye har tsawon shekara 25. Da yawa sun rayu sun ci gaba da haihuwa, da yawa hawan jini ya kama su daga baya, waɗanda kuma zuciyarsu ba ta koma girmanta na asali ba bayan kwanciyar farko su ne suka fi mutuwa da wuri.